Tallafin korona a Amurka: an fifita 'yan fansho a kan matasa?

Mai_Lissafi:
Jama'a, masu taya mutane cike takardun haraji, a kawo abin da aka gani. Sau uku aka raba kuɗin: dala 1,200 ƙarƙashin dokar CARES ta Maris 2020, dala 600 a ƙarshen shekarar, sai 1,400 a Maris 2021. Yawancin masu karɓar Social Security, wato fanshon gwamnatin tarayya, ba su cike komai ba, hukumar haraji ta IRS ta yi amfani da fom SSA-1099, mai nuna fanshon da aka biya su a shekara, ta tura musu. Alhali fanshonsu bai ragu da ko sisi ba lokacin kulle.

Hajiyar_Haraji:
Malam, shekaru ba su ne ma'auni ba. Kuɗin shiga aka duba: marar aure mai samun ƙasa da dala 75,000 a shekara ya samu cikakke. A zagayen farko, duk dala 100 da ta haura haka ana zaftare dala 5. Inda aka cuci matasa shi ne ɗalibi mai shekara 17 zuwa sama da iyayensa suka saka a takardar harajinsu a matsayin wanda suke ɗauke da nauyinsa. Shi bai samu 1,200 ba, iyayen ma ba a ba su dala 500 ta yara ba, don ita ta 'yan ƙasa da 17 ce. Sai a zagaye na uku aka gyara. Tsohon da ɗansa ya saka a takardarsa ma haka aka tsallake shi, amma ba a cika maganarsa ba.

Ɗan_Bronx:
Hajiya, bashi gwamnati ta ci ta raba. Masu aiki yanzu, da ake cire wa kashi 6.2 cikin ɗari na albashi don Social Security, su za su daɗe suna biya.

Kawu_Fansho:
Haka ne ɗana, amma ka lissafa duka. Ƙarin dala 600 duk mako ga waɗanda suka rasa aiki, har ƙarshen Yuli 2020, bai shafi mai ritaya ba. Dakatar da biyan bashin karatu daga Maris 2020 zuwa 2023 ma naku ne.

Hajiyar_Haraji:
Ɗalibin da ya fita daga takardar iyayensa a 2020 a lokacin yana iya neman kuɗin zagaye biyun farko a layi na 30 na fom 1040, wato takardar haraji ta shekara. Da yawa ba su sani ba, wa'adin kuma ya cika tun 17 ga Mayu 2024.