Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi: uzuri ne ko gori?

Ɗan Sabon Birni: Assalamu alaikum. Ƙanena da ke karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da ke Dundaye ya yi sa-in-sa da abokin ɗakinsa, Bayarabe ɗan Ilori, a kan yadda ake gaida manya, sai wani dattijo mai shayi ya raba su da wannan magana. Ƙanena ya ɗauka uzuri aka yi wa Bayaraben, shi kuwa ya ce gori ne.

'Yar Zuru: Uzuri ne, Malam. Jami'ar ta tarayya ce tun kafuwarta a 1975, kuma tsarin ɗaukar ɗalibai ya ware kashi 45 ga cancanta, 35 ga jihohin yankin, 20 ga jihohin da aka bari a baya a boko. Dole Badakkare ya kwana ɗaki ɗaya da Bazabarme da Banufe.

Baban Sadiya: Ban yarda ba, Malama. A gidanmu ba a faɗinta sai yaro ya yi abin kunya, ana nufin tarbiyyar gidansu ce ta fito. Bagobiri da Bayarabe kuwa taubasai ne, wa ya aike ku rabiya?

Hajiya Inno: Kakata a Wurno takan sa wa kaza ƙwan zabi ta kwanta a kai. Wata damina guda kaɗai ya rayu, ya tashi cikin 'yan tsaki, yana cin tsaba tare da su, in uwar ta hango shaho ta yi gargaɗi har ya riga su shiga ƙarƙashin rumbu. Ranar da ya buɗe baki da kukan zabi, kishiyarta Bazabarma, wadda Hausarta ba ta taɓa miƙewa ba duk daɗewarta a gidan, ta yi shewa ta ce yau ta sami ɗan'uwa. Kakata ta hana a yanka shi har ya tsufa.

Mai Goro: Allah ya jiƙan kaka, Hajiya. Amma ina za mu sa tsuntsayen da ke sauya sheƙa duk zaɓe, kukan ma ya sauya? 'Ya'yansu ba sa Dundaye, suna Ingila.

Baban Sadiya: Waɗannan kukan rumbu suke yi. Ni dai, Hajiya, ina shakkar zabon nan, domin zabi ba sa zama gida in sun girma.

Hajiya Inno: An fige masa fiffike, Alhaji.