Janaretana ya ƙi tashi da asuba tun da hunturu ya kankama

Baban Hafsa, Gyallesu:
Assalamu alaikum. Janaretana na fetur ne, 2.5kVA, mai igiya, shekararsa 3 a hannuna. Da shi nake hawar da ruwa tanki bayan sallar asuba, kafin yara su fara shirin makaranta. Tun da sanyin nan ya shigo sai na ja igiya fiye da sau goma, kafaɗa ta yi tsami, ya ɗan yi tari ya mutu. Da azahar kuwa ja ɗaya ya tashi. Jiya ruwan 'yan garuwa muka saya. Don Allah ina matsalar take?

Bakanike, Kwangila:
Wa alaikumus salam, Malam. Tunda yana tashi da rana, injin bai lalace ba. In gari ya yi sanyi fetur ba ya saurin zama tururi, shi ya sa aka yi cok, ya rage iska mai ya rinjaya. Cire duk abin da ka jona, buɗe famfon mai, rufe cok gaba ɗaya. Ja igiya a hankali sai ka ji ta yi tauri, sannan ka fizga. In ya kama, kar ka yi gaggawar buɗe cok, bar shi ya ɗan ɗumama.

Wane baƙin mai kake zubawa? SAE 40 kauri yake yi da sanyi, ya riƙe injin. Yawancin ƙananan injinan nan 10W-30 aka rubuta musu.

Ɗan Samaru:
Ƙurar hunturu fa, Yallaɓai. Ciro soson iska ka wanke da ruwan sabulu, ya bushe sarai, ka ɗiga masa baƙin mai kaɗan ka matse. Duba fulogi ma, tazarar bakinsa 0.7 zuwa 0.8mm ce.

Maman Ilham, Sabon Gari:
Roƙona ɗaya, Baban Hafsa: kada sanyi ya sa ka tayar da shi a ɗaki ko a zaure a rufe. Gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, kuma tana kisa cikin barci. Namu in ya huce muke lulluɓe shi da tamfol a tsakar gida.

Baban Hafsa, Gyallesu:
Allah ya saka da alheri. Soson ya cushe da ƙura har ya koma ja, fulogin kuma baƙi ƙirin, na sayi sabo. Yau a ja na uku ya tashi, tanki ya cika kafin ƙarfe bakwai. Saura baƙin mai, SAE 40 ne a ciki, ranar Asabar zan juye shi.