Korona ta buɗe mana ido kan sauyin yanayi, ko toshe mana kunne ta yi?

Mushe (malamin boko) na Sabon Gari: Salamu alaikum jama'ar zaurenmu na Damagaram. Ga magana na kawo, kuma na tsaya a kanta: korona ta sa mutane sun fi ɗaukar sauyin yanayi da gaske. A 2020 da aka ajiye jiragen sama aka rufe masana'antu, hayaƙin da duniya ke fitarwa ya ragu da kusan kashi 5 cikin 100 a shekara guda. A da ana cewa ba mai iya tsayar da harkokin duniya, sai ga shi an tsayar cikin makonni. Wanda ya ga haka ba zai ƙara yarda ba in an ce masa ba yadda za a yi.

Ɗalibin jami'a: Wa alaikumus salam. Mushe, a gafarce ni, lissafin da saura. A 2021 hayaƙin ya koma kusan inda yake. Kuma iskar da ta riga ta taru a sama ba ta ragu ba ko a 2020 ɗin, don tana daɗewa ƙwarai. Zubawar ce kawai ta yi sauƙi. Babban taron yanayi na Glasgow ma ɗage shi aka yi zuwa Nuwamba 2021. Dala biliyan 100 a shekara da ƙasashe masu arziki suka yi alkawari tun 2009 cewa za su cika a 2020, ba ta cika a lokacin ba. Ga korona kuwa kuɗi sun fito nan take.

Hajiya ta Zango: Ku kuna maganar jirgin sama. Mu a kasuwar Dole abin da muka sani shi ne Najeriya ta rufe iyaka tun Agusta 2019, ba mu farfaɗo ba korona ta zo ta ɗora. Mai neman kuɗin tiyar hatsi aka ce ya zauna gida. Darasin da mata suka ɗauka guda ne: in manya sun ce ga haɗari, ƙofar talaka za a fara rufewa. Yau ka je ka ce wa mai tuyar ƙosai sauyin yanayi, tambayarta ta farko ita ce, me za a hana mu kuma, itacen girki?

Malam na Birni: Hajiya ta taɓo wurin. Ku tuna hana sallar jam'i, da tarzomar da matasa suka yi a Mirriya a ƙarshen Maris 2020, har aka buɗe masallatai a watan Mayu. An ce mana gawa za ta cika titi, Allah ya kiyaye, mutane ba su gani ba, sai suka ce cutar Turawa ce. To wannan sunan shi ne yanzu ake liƙa wa sauyin yanayi, kuma abin yana ci mini rai. Tsohon masallacinmu na Birni, ginin ƙarni na 19, kakanninmu sun yi salla a cikinsa, ruwan Satumba 2024 ya kayar da shi muna kallo. Ni ba na bukatar Bature ya gaya mini ruwan yanzu ba irin na da ba ne. Suratur Rum ma ta faɗa, ɓarna tana bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata.

Mushe na Sabon Gari: Allah gafarta Malam, ai kun goyi bayana ke nan. Mutane sun gani.

Malam na Birni: A'a Mushe. Ruwa ne ya nuna musu, ba korona ba.

Malama ta asibiti: Ina neman alfarma a daina cewa ba a gani ba. Korona ta kashe mutane a ƙasar nan, tsofaffi da masu ciwon suga da hawan jini, kuma gwaji bai kai ko'ina ba. Kusan rabin 'yan Nijar ba su kai shekara 15 ba, wannan ya taimake mu. Amma a kan yarda, ina tare da Hajiya. Turai ta fara rigakafi a Disamba 2020, mu sai ƙarshen Maris 2021, kuma kafin allurar ta iso jita-jita ta riga ta shiga kowace waya. Da sanƙarau ya ɓarke a jihar nan daga ƙarshen 2022, akwai uwar da na yi ta lallashi kafin ta miƙo ɗanta, tana tambaya ko ta korona ce aka sake wa suna. Sanƙarau kuwa ciwon rani ne, na ƙura da busasshiyar iska. Wanda ya daina yarda da ma'aikacin lafiya, da wuya ya saurari mai hasashen damana a rediyo.

Baba na Mirriya (ɗansa ke rubuta masa): 'Ya'yana, mu ba mu jira korona ba. Na ga farin 1973, na ga na 1984, na ga gona ta zama fili iska na kwashe shuka. Gawo muka koma wa. Ba shukawa muke ba, wanda ya tsiro a gona muke bari mu sassabe shi ya tashi. Da damana yana zubar da ganye, ba ya yi wa hatsi inuwa, ganyen ya zama taki, da rani dabbobi su ci 'ya'yansa. Ba wanda ya sa mana doka. Maƙwabci ya ga damman maƙwabci, shi ke nan. Abin ya kama ne tun da manomi ya tabbata itacen da ya raya nasa ne.

Ɗalibin jami'a: Allah ya ƙara lafiya Baba. Abin da kuka yi a Mirriya, Magarya da Matamai da ƙasar Maraɗi, masana sun ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. Sai dai Malam, ruwa guda ba ya zama hujja shi kaɗai, ginin ƙasa ma yana son yaɓe. Hujjar ita ce binciken da aka wallafa a 2017, wanda ya nuna manyan hadarurruka masu ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun 1982.

Mushe na Sabon Gari: Na ji ku duka, amma ban janye ba. Bayan korona ne, a taron yanayi na Masar na 2022, aka amince da asusun biyan asarar da yanayi ke jawo wa ƙasashe irin tamu. Afirka duka ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya. Rashin adalcin da aka gani wajen rabon allura ya ƙara wa wakilanmu bakin magana.

Hajiya ta Zango: Mushe, asusun nan bai iso Zango ba tukuna. Matatar mai ta SORAZ tana nan kusa da mu tun 2011, tana fitar da gas. In ana son mata su rage itace, a sa kwalbar gas ta samu a kowace unguwa, a farashin da mai tuyar ƙosai za ta iya. Wa a cikinku zai kai wannan magana gaban magajin gari? Ni zan tara matan.

Malama ta asibiti: Ki sa sunana, Hajiya. Ranar Asabar ba ni da aiki.