Waɗanda suka zauna da Yahudawa, yaushe ake kunna kyandir ɗin Hanuka?

Mai kula da tsofaffi, Landan:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina kula da wata dattijuwa Bayahudiya a Golders Green, ga bikinsu na Hanuka ya ƙarato. 'Yarta ta ce in riƙa shirya mata kayan kunnawa har dare 8, ita za ta kunna da hannunta. Tsohuwar tana riƙe da addininta ƙwarai, ba na so in ɓata mata. Wanda ya taɓa gani ya taimaka.

Direban tasi, Brooklyn:
Wa alaikumus salam Hajiya. Na daɗe ina ɗaukar su a Crown Heights da Borough Park. Lokacin ne ba sa wasa da shi. Wasu gidaje da faɗuwar rana suke kunnawa, wasu sai taurari sun fito, kowa da abin da ya gada, don haka ki tambayi Mama nata. Amma duk sun haɗu a kan cewa wutar ta ci aƙalla minti 30 bayan duhu ya shiga. A Disamba rana kan faɗi wajen 4:30 a nan, sai ki ga fasinja yana ta duba agogo, kamar mu idan muna sauri mu isa gida kafin shan ruwa. Ku a Landan ma kafin ƙarfe 4 ta faɗi.

Uwar gida, Manchester:
'Yar'uwa, ranar Juma'a ki fi kula da ita. Daga faɗuwar ranar Juma'a Asabar ɗinsu ta shiga, ba sa kunna wuta ko kashe ta. Saboda haka sai a kunna na Hanuka tun da sauran haske, sannan a kunna kyandir ɗin Asabar, wajen minti 18 kafin rana ta faɗi. To ƙananan kyandirori masu kala da ake sayarwa 44 a kwali, rabin awa da ɗan doriya suke yi, ba za su kai duhu ba. Maƙwabciyata man zaitun take zubawa a 'yan kofunan gilashi, ta sa lagwani na auduga, ta cika su har baki don su ci awa ɗaya da rabi. Na tsaya ina kallo tana ɗaga kowane kofi sama tana duba man. Ki kawar da labule daga kusa da wutar tun kafin nan, don bayan ta kunna ba za ta sake taɓa fitilar ba. Daren Asabar kuma sai Asabar ta fita tukuna.

Malamin makaranta, Jos:
Na yi ziyara Urushalima a lokacin bikin. Can a waje suke ajiyewa, cikin akwatin gilashi saboda iska, a hagun ƙofa, tunda mezuza, ɗan akwatin rubutun Attaura da suke kafawa a jikin ƙofa, tana dama. A lungunan tsohon birni kowace ƙofa wuta ke ci, yara na tsaye suna waƙa. Suna tunawa ne da shekara ta 164 kafin haihuwar Almasihu, da Makabiyawa, mayaƙan Yahudawa, suka ƙwato Haikali, babban ɗakin ibadarsu, daga hannun Sarki Antiyokus, kuma bisa ruwayarsu man da zai isa kwana ɗaya ya ci kwana 8.

Ɗaliba, Haifa:
Jerawa fa, Anti: fitilar tana da gurbin kyandir tara, daren farko ɗaya a ƙarshen dama, kowane dare ki ƙara ɗaya ta hagu. Wajen kunnawa sabon ake fara kunnawa, a dawo dama. Na taran da ya fi tsayi shi ne shamash, da shi ake kunna sauran. Ba a karatu ko aiki da hasken, shi ya sa gidan da nake suke barin lantarki a kunne. Matan kan zauna rabin awan nan ba sa aikin komai, to kada ki kira ta cin abinci sai ya wuce. Daren farko addu'a uku za ta yi, sauran darare biyu, ki ba ta lokaci ta gama kafin ki karɓi shamash daga hannunta.