Salon Camry ƙirar 1999 ya ƙi sauka ko bayan doguwar tafiya

Abu Maryam, Jidda

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa, ina neman shawarar waɗanda suka san aikin mota a cikinku game da wata matsala da ta dame ni kusan wata biyu ke nan. Motata Toyota Camry ce ƙirar 1999, mai silinda huɗu, lita 2.2, giyarta otomatik, kuma ta ci hanya fiye da kilomita 380,000. Da ita nake kai yara makaranta kullum, da ita kuma nake zuwa Makka gaishe da mahaifiyata duk Juma'a, saboda haka ba motar da zan iya jinginewa ba ce.

A da, idan na tashe ta da asuba allurar salo, wato juyin inji a minti ɗaya idan mota na tsaye ba a taka totur ba, takan tsaya wajen 1,300, bayan 'yan mintoci ta sauko ƙasa da 800 ta zauna. Yanzu kuwa ko na yi tafiyar rabin awa, da zarar na tsaya na mai da giya P sai allurar ta haye 1,600, wani lokaci ma ta riƙa hawa tana sauka kamar ana taka totur ana saki. Idan na sa D sai motar ta zabura da ƙarfi, a danja kuma sai na danne birki sosai kafin ta tsaya wuri ɗaya. Man da yake kai ni kwana goma yanzu da ƙyar yake cika mako, amma fitilar inji ba ta kama ba ko sau ɗaya.

Na kai ta wata warsha, wato gareji, a sina'iyya, unguwar masu gyaran mota, aka canza fulogi da matatar iska, aka wanke bakin totur, na biya, ban ga wani canji ba. Da na koma sai mai warshar ya ce zai juya sukurun da ke jikin totur ya rage salon, idan hakan bai yi ba a nemi wata kwamfutar inji. Hankalina bai kwanta ba, na ce ya dakata tukuna. Abu ɗaya da zan ƙara shi ne, bara da bazara motar ta ɗauki zafi a hanyar Makka, aka yi mata aikin lagireto, kuma tun daga nan allurar zafi ba ta ƙara kaiwa tsakiya ba. Ta ina ya kamata in fara?

Baba Usta, Makka

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka yi daidai da ka hana a taɓa wannan sukurun. Tun daga kamfani aka saita shi domin ya tare murfin totur kada ya maƙale a jikin bututu, ba don rage salo ko ƙara shi ba, kuma wanda ya juya shi yakan rikita lissafin sansar totur, na'urar da ke faɗa wa kwamfuta yadda totur ya buɗe, a wayi gari matsala ɗaya ta zama biyu. Maganar kwamfuta kuwa a ajiye ta can ƙarshe, domin a shekarun da na yi ina wannan aiki a Sharar Mansur, da wuya na ga kwamfuta ce ta jawo hawan salo.

Inji ba ya iya gudu sai da iska. Idan ƙafarka ba ta kan totur amma yana juyi 1,600, to iska tana shiga fiye da kima, aikinmu kuma shi ne mu gano ƙofar da take bi. Injin motarka, wanda ake kira 5S-FE, ba ya auna iska a bakin bututu. Yana da sansa da ke auna matsin iskar da ke cikin manifol, wato bututun da ke raba iska zuwa silinda, saboda haka duk iskar da ta sato hanya ta shiga, kwamfuta tana ganinta ta ƙara mata mai daidai gwargwado, inji ya tashi lafiya lau ba tare da wata fitila ta kama ba. A motocin da ke auna iska tun daga bakin bututu, irin wannan yoyon ya fi kawo rawar inji da mutuwa a danja. Hawa da saukar da kake gani ma daga nan take: kwamfuta ta ga totur a rufe amma gudu ya yi yawa, sai ta yanke mai kamar yadda take yi idan kana gangara, gudu ya faɗi, ta mai da man, ya sake hawa.

Ka fara da abin da ba ya cin ko riyal ɗaya. Ka duba ko shimfiɗar ƙafa ta danne totur, sannan ka buɗe bonet ka taɓa wayar totur, ya kamata ta ɗan yi sako-sako, kuma idan ka tura hannun totur baya da yatsa kada salon ya canza. Daga nan, inji na aiki kuma ya yi zafi, ka kwance babban tiyon iska daga bakin totur. Za ka ga wani rami a gaban murfin, ta nan iska ke zagayawa zuwa bawul ɗin salo, wanda masu warsha a nan suke kira hassas aisi. Ka toshe ramin da babban yatsanka. Idan gudu ya faɗi warwas ko inji ya mutu, to ta bawul ɗin iskar ke wucewa, ko dai ya maƙale a buɗe ko kuma kwamfuta ce take buɗe shi da gangan. Idan kuwa injin ya ci gaba da gudu sama da yadda ya kamata alhali ramin na toshe, akwai wata ɓaraka a wani wuri.

Neman ɓarakar sai da haƙuri. Robar da ta shekara ashirin da wani abu a zafin Hijaz takan bushe ta yi tauri kamar itace, kuma ta fi tsagewa ta ƙasa, daidai inda ta hau kan bakin ƙarfe, wurin da ido ba ya gani sai ka lanƙwasa ta. Ka bi tiyon da ya taso daga murfin inji zuwa manifol, da babban tiyon da ke zuwa gangar birki wadda ake ce wa bakim, da ƙananan da ke bayan manifol, kana matse kowanne da filaya kana sauraron inji. Wanda ka matse gudu ya sauka, shi ne ko abin da ke ƙarshensa. Wasu suna fesa maganin wanke kafreto a gefen gaskit su ji ko sautin inji zai canza, dabarar tana aiki, amma maganin yana kama wuta, don haka ni na fi son ruwa a kwalbar feshi.

Ka kuma tambayi wanda ya yi maka aikin lagireto ko ya mayar da tamostat, wato balf harara, wanda ke tare ruwa kada ya tafi lagireto sai inji ya yi zafi. Allurar zafin da ba ta kai tsakiya ita ce ta fi tsaya mini a rai cikin duk bayaninka.

Abu Yasir, Madina

Malam Abu Maryam, Allah Ya kawo sauƙi. Ni ma ina da irin motar, ƙirar 2000, kuma tawa bawul ɗin salo ne ya cika da baƙin dauɗa har ya daina juyawa. Wankin bakin totur ba ya isa gare shi, sai an kwance shi daga ƙarƙashi, an wanke har ƙarfen ciki ya riƙa juyawa da yatsa ba tare da ya cije ba, a kuma sa sabon gaskit. A yi hankali da sukurorinsa, kansu yana da taushi, sukudireban da bai dace ba yana cinye shi nan take. Idan wanki bai yi ba, kana Jidda, tashlihin Bariman, inda ake sayar da kayan tsofaffin motoci, yana kusa da kai, kuma ni na fi yarda da tsohon na asali a kan sabon da ba a san inda aka ƙera shi ba.

Game da tamostat kuwa, Baba, da girmamawa, ban ga laifin cire shi a wannan ƙasa ba. Inda zafi ke haura digiri 45 da rana, me inji zai yi da abin da ke tare masa ruwa? Na san direbobi da yawa da suka cire nasu tun da daɗewa, kuma motocinsu na tafiya.

Abu Hafsa, Ɗa'ifa

Yaya Abu Yasir, bayaninka a kan wankin bawul daidai ne, amma a maganar tamostat ina tare da Baba, kuma da idona na ga abin. Tamostat ɗin waɗannan motoci yana fara buɗewa wajen digiri 82, kuma da zafi ya ƙaru yake buɗewa gaba ɗaya, ke nan a tsakar ranar bazara ba ya tare komai. Aikinsa yana fitowa da asuba, da lokacin sanyi, da kan babbar hanya inda iska ke dukan lagireto. Mu da ke saman dutse mun fi kowa sani, domin motar da ba ta da shi, idan ta gangaro hanyar Hada da sassafe a watan Janairu, allurar zafinta kan kwanta ƙasa kamar ba a tashe ta ba. Kwamfuta kuwa ba ta san an cire komai ba, abin da sansar da ke auna zafin ruwa ta faɗa mata shi take bi. Muddin ta ji ruwa bai yi zafi ba, za ta ci gaba da buɗe bawul ɗin salo tana ƙara mai, kamar yadda take yi a mintocin farko na safiya, sai dai wannan karon safiyar ba ta ƙarewa. Man da ya yi yawa yana wanke bangon silinda, ya sauka cikin baƙin mai, ya kuma bar dauɗar da ke toshe bawul ɗin da ka wanke. Motar da ta ɗauki zafi, a nemi dalilin a lagireto ko fanka ko famfon ruwa.

Malam Abu Maryam, ita ma sansar ruwan tana iya yin ƙarya, kuma auna ta ba wuya. Wadda ke kai wa kwamfuta labari mai waya biyu ce, daban take da wadda ke motsa allurar da kake gani. Ka cire soket ɗinta ka ɗora mita: a digiri 20 tana ba da om 2,000 zuwa 3,000, a digiri 80 kuma ta sauko wajen 300. Idan inji ya yi zafi sosai amma tana nuna dubbai, ta lalace. Soket mai tsatsa ma yana ƙara adadin, kwamfuta ta ɗauka sanyi ake yi.

Rashin kamawar fitila ba ya hana a karanta kwamfuta. Idan motar daga Amurka aka shigo da ita, tana da soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, wanda aka wajabta a can tun 1996, kuma na'ura za ta nuna maka zafin da kwamfuta ke gani kai tsaye. Idan kuwa tana da ƙaramin akwatin gwaji a ɗakin inji, ana haɗa bakunan da aka rubuta wa TE1 da E1 a cikinsa da guntuwar waya, a murɗa makulli ba tare da an tashe ta ba, a ƙirga ƙiftawar fitilar inji. Lamba 22 ta sansar ruwa ce, 41 kuma ta sansar totur.

Abu Maryam, Jidda

Allah Ya saka muku da alheri baki ɗaya. Jiya bayan la'asar na bi abin da Baba ya faɗa ɗaya bayan ɗaya. Wayar totur lafiyarta ƙalau. Da na toshe ramin da yatsa gudu ya sauka, amma bai sauko ƙasa da 1,000 ba, sai na shiga bin tiyo. Wanda ya taso daga murfin inji ta sama kamar sabo yake, amma da na ɗaga shi sai na ji yana huci, na juya shi na ga tsaga mai tsawon gaɓar yatsa a ƙarƙashinsa, gefenta duk maiƙo. Na sayo sabo na sa, hawa da saukar ta daina nan take, salon ya dawo 1,100.

Yau da safe, inji na sanyi, na sa aka kwance gidan tamostat a gabana, muka tarar babu komai a ciki sai gaskit. Wanda ya yi aikin bara bai faɗa mini ya cire ba, kuma abin ya ɓata mini rai, domin da na sani da ban yi wata biyu ina zuba kuɗi a fulogi da mai ba. An sa sabo na digiri 82, na je har Bahra na dawo, allurar zafi ta tsaya a tsakiya karo na farko tun bara, salon kuma yana 900 idan na kashe na'urar sanyaya mota. Baba, wannan ya isa, ko da sauran aiki?

Baba Usta, Makka

Madalla, ɗana, amma da saura kaɗan, domin wannan inji idan ya yi zafi kuma na'urar sanyi na kashe, tsakanin 700 da 800 ya kamata ya zauna. Da farko ka tabbata an fitar da iska daga ruwan lagireto bayan aikin yau: gobe da safe kafin ka tashe ta, ka buɗe murfin ka ga ko ruwa ya cika har wuya, kuma kada ka kuskura ka buɗe shi inji na da zafi. Akwai ƙananan tiyo biyu da ke kai ruwan zafi ƙarƙashin totur, wurin bawul ɗin salo. Bayan tafiya ka taɓa su a hankali, dukansu biyu su kasance da zafi, domin na sha ganin an toshe su ko an haɗe su da juna a lokacin aikin lagireto. Idan suna lafiya, sai ka yi wankin da Abu Yasir ya bayyana, tunda injin da ya yi watanni yana shan mai fiye da kima ba zai rasa dauɗa a wurin ba. Bayan wankin ka cire kan batir na minti ɗaya ko biyu, ka mayar, ka bar motar ta yi salo har fanka ta tashi ta tsaya. Ka canza baƙin mai a wannan makon ko da lokacinsa bai yi ba. Juma'a idan ka shigo Makka gaishe da Hajiya, ka biyo da motar in saurari injin da kunnena.