Idan JavaScript ya duba fom, sai saba ta sake dubawa?

Ɗan Kurna: Salamu alaikum jama'a. Ina da magana, na kuma san za a yi min ca. Ni a ganina tantance fom sau biyu ɓata lokaci ne a irin ƙananan ayyukan da muke yi a garin nan. Fom ɗin rajistar ɗalibai nake haɗa wa wata makarantar kuɗi: suna, lambar waya, aji, adireshi, hoto, sai kuɗin fom. Na sa JavaScript yana duba komai kafin a tura. In lambar waya ba ta cika 11 ba, maɓallin turawa ba zai ma dannu ba. To me zai kai ni PHP, harshen da ke aiki a kan saba, wato kwamfutar da shafin yake zaune a kanta, in sake rubuta dokokin nan ɗaya bayan ɗaya? Abin da ya wuce gaban JavaScript ai ya riga ya tsarkaka.

'Yar Gwale: Wa alaikumus salam. Yaya, in ka yarda ba ni shafin gwajin. Zan shigar maka da ɗalibi mai lambar waya "tuwo", ɗan aji 40.

Ɗan Kurna: Ta ina? Na ce miki maɓallin a kashe yake.

'Yar Gwale: A kashe yake a wajen wanda ya bar shi a kashe. Duk abin da ka rubuta da HTML da JavaScript, sauke shi ake yi a na'urar mai cike fom, can yake aiki, ba a wajenka ba. In danna F12 a Chrome, in goge kalmar disabled daga jikin maɓallin, shi ke nan ya tashi. Wannan ma doguwar hanya ce. Da curl ko Postman, manhajojin aika wa saba saƙo, ba sai na buɗe shafinka ba sam, kai tsaye zan aika wa fayil ɗinka na PHP saƙon POST da abin da na ga dama a ciki. Saba ba ta ganin maɓalli, ba ta san an yi wani JavaScript ba. Rubutu ne kawai yake iso mata.

Malamin Kabuga: Ta faɗi gaskiya. Ku tuna ma dalilin da ya sa aka fara duba fom a burauza. A 1995 Brendan Eich ya ƙirƙiro JavaScript a kamfanin Netscape, lokacin da ake shiga intanet ta layin tarho. Mutum ya cike fom ya tura, ya zauna jira, sannan saba ta dawo masa da cewa ya bar gurbi ɗaya babu komai. Aka ga gara a gaya masa tun kafin saƙon ya bar kwamfutarsa. Sauƙi aka nema wa mai cikewa, ba a taɓa ɗora wa JavaScript gadi ba. A Kwari ko mai saye ya rantse ya ƙirga kuɗin sau uku, maigida sai ya ƙirga da hannunsa kafin su shiga durowa.

Ɗan Kurna: Allah ya gafarta Malam, na ji. Amma mu dubi inda muke. Iyayen yara ne za su cike fom ɗin nan a waya, wasu ma a shagon kwamfuta za a cike musu. Wa ya san F12 a cikinsu? Kuma wane ɗan kutse ne zai bar bankuna ya zo kan makarantar da ɗalibanta ba su cika layi biyu a asambuli ba?

Injiniya: Nan ne kuskuren da kowa yake yi. Kana zaton mutum ne zai zauna ya zaɓe ka. Manhajoji ne masu yawo da kansu dare da rana, suna bin adireshi bayan adireshi, ba su san Kurna ba, ba su san Landan ba. Shiga cPanel ɗinka yanzu, inda kake sarrafa sabarka, ka buɗe rijistar baƙin da suka taɓa shafin. Za ka ga ana ta neman wp-login.php alhali ba ka taɓa sa WordPress ba, ana neman fayil ɗin .env. Duk fom ɗin da suka tarar sai sun cusa masa wani abu su ga ko zai yi tari. Kuma akasarinsu ba sa kunna JavaScript ko kaɗan, wato duk shingenka ba su ma san da shi ba.

Auta: To Yaya Injiniya, ashe gara a cire JavaScript ɗin gaba ɗaya a bar wa saba komai? Aiki ɗaya ke nan maimakon biyu.

Ɗan Kurna: Yawwa, ga inda nake so a zo! Auta, je ka cike fom a Farm Centre da yamma lokacin da sabis yake rarrafe, sannan ka dawo mu yi magana. Uba ya rubuta komai, ya ɗora hoton ɗansa, ya tura, abu yana ta juyi, can sai a ce masa lambar waya ba ta cika ba. Ko ka mayar masa da sauran rubutun cikin gurabensu, hoton kam sai ya sake ɗorawa, domin burauza ba ta yarda a cike gurbin fayil a madadin mutum. Datarsa ta tafi a banza, ransa ya ɓaci, gobe shugaban makaranta ya kira ni ya ce shafina ba ya aiki.

'Yar Gwale: A nan ina bayanka ɗari bisa ɗari, Yaya. Ba wanda ya ce a cire. Ƙari ma, rabin abin da ka wahala kana rubutawa da JavaScript, HTML yana yinsa kyauta: required, maxlength, pattern, duk suna cikin HTML5 da aka tabbatar tun 2014. Sun fi sauƙi a kan ƙaramar waya. Ka kuma tuna masu Opera Mini: in tana yanayin matse data sosai, a kan sabar kamfanin Opera ake gudanar da JavaScript ɗin, na ɗan taƙaitaccen lokaci, saboda haka ba lallai dubawarka ta yi aiki yadda ka tsara ba. Ka ga mutumin kirki ma, wanda bai nufe ka da sharri ba, zai iya turo maka shirme.

Amma bari in tambaye ka abin da ya fi damuna. Kuɗin fom ɗin, daga ina adadin yake fitowa?

Ɗan Kurna: Ɓoyayyen gurbi ne a cikin fom ɗin. Naira 5,000. Ba a ganinsa.

'Yar Gwale: Innalillahi. Ba a ganinsa a fuskar shafi, amma yana nan zaune a cikin HTML, kowa zai iya mayar da shi 100. In Paystack kake amfani da shi wajen karɓar kuɗi ta intanet, da kobo yake lissafi, wato 5,000 ɗinka 500000 ne. Mutum ya cire sifili biyu, ya biya naira 50, a nuna masa an karɓa, JavaScript ɗinka ya yi murna ya buga masa rasit. Abin da ya kamata: farashin ya zauna a saba, bayan an biya kuma saba ta ɗauki lambar shaidar cinikin ta tambayi Paystack da kanta, da makullin sirrin da ba ya taɓa sauka a burauza, nawa ne suka shigo? In bai yi daidai da farashin ba, babu rajista. Wannan ba sai ƙwararren ɗan kutse ba, yayan ɗalibi ɗan sakandare mai son burge abokai ya isa.

Injiniya: Akwai kuma tambayoyin da burauza ba ta da amsarsu ko da kowa waliyyi ne. An taɓa rajista da wannan lambar? Saura gurbi a ajin? Ranar rufewa ta wuce? In da agogon waya kake duba rana, mutum zai mayar da agogonsa baya ne kawai.

Ɗan Kurna: Maganar kuɗi dabam ce, wannan zan duba. Amma in kutsen SQL kuke tsoro, wato a cusa wa rumbun bayanai umarni ta cikin fom, na toshe shi tun daga sama. Gurbin suna haruffa zalla yake karɓa, A zuwa Z. Babu waƙafin sama, babu wata alama.

Malamin Kabuga: Ɗana, ka hana A'isha shiga makaranta ke nan. Da Rabi'u, da Sa'adatu, da Mu'azu, da Shu'aibu, da Isma'il. Ka leƙa rijistar kowane aji a birnin nan ka ga nawa za su rage. Ɗanladi ma bai tsira ba, tunda ɗ da ƙ da ɓ ba sa cikin A zuwa Z ɗinka. In ka sa dokar a adireshi kuma, mutanen Ƙofar Mata da 'Yankaba sai su nemi wata makarantar. Mun daɗe muna kuka da fom ɗin da aka ƙera a waje ba ya karɓar sunayenmu, yau ga namu yana yi mana.

Kuma abin dariyar, alamar da ke cikin A'isha ita ce dai wadda ake fasa SQL da ita. In kana manna abin da aka rubuto kai tsaye cikin umarnin da kake ba MySQL, rumbun da kake ajiye bayanai, alamar nan tana rufe zancen tun bai ƙare ba, sauran rubutun sai a karanta shi a matsayin umarni. Shi ya sa nake gaya wa ɗalibai su fara gwada kowane fom da sunan A'isha. In ya fashe, ƙofa a buɗe take. Maganin ba korar alamar ba ne. Ka yi amfani da prepare na PDO ko mysqli, hanyoyin da PHP yake magana da rumbun: umarni ya tafi dabam da alamomin tambaya a guraben, bayanai su biyo dabam, rumbun ba zai taɓa ɗaukar suna a matsayin umarni ba ko me aka rubuta a ciki. Ka kuma sa rumbun a utf8mb4 domin haruffanmu masu ƙugiya su zauna lafiya.

Injiniya: Kada a ɗauka matsalar ƙananan shafuka ce kawai. A 2015 ta wannan hanyar aka shiga kamfanin sadarwa na TalkTalk a Ingila, aka taɓa bayanan mutane kusan 157,000, hukumar kare bayanai ta can ta ci su tarar fam 400,000. Tun 1998 aka fara bayanin wannan dabarar a fili, amma ga shi. Mu ma yanzu muna da dokar kare bayanai ta 2023, kuma bayanan yara ne za ka tara. Ni dai abin da nake yi, duk abin da ya shigo sai na wanke shi da strip_tags kafin in ajiye, kada wani ya cusa min script.

'Yar Gwale: Injiniya, a nan kam mun rabu. Wankewa a bakin ƙofa yana lalata bayanai. Wani ya rubuta "shekara <5" a gurbin ƙarin bayani, strip_tags ya ɗauka alamar HTML ce ta fara, ya cinye abin da ya biyo baya, kai kuma ba ka da asalin balle ka dawo da shi. Ni ina duba abu ne: in ya cika sharaɗi in ajiye shi yadda ya zo, in bai cika ba in ƙi shi in faɗi dalili. Ranar da zan nuna shi a shafi, sai in bi da shi ta htmlspecialchars. Haɗarin yana wurin nunawa ne, can ya kamata a tare shi.

Injiniya: Sai ranar da kika manta a shafi ɗaya cikin talatin.

'Yar Gwale: Shi ya sa ake amfani da Blade ko Twig wajen tsara fuskar shafi, su suke yi da kansu sai in kai ka hana su. Mantuwa ta fi sauƙi a naka tsarin, tunda bayanai ba ta fom kaɗai suke shigowa ba, akwai wanda sakataren makaranta zai loda daga Excel.

Injiniya: Ban sauka ba, amma mu bar shi zuwa wani zaman.

Auta: Anti, ni tambayata kan lambar waya ce. Na sa type="number" kuma na ajiye a INT, gurbin adadi na MySQL, sai sifilin farko yake ɓacewa.

'Yar Gwale: Auta, lambar waya ba adadi ba ce, ba a tara ta ba a raba ta. Sa type="tel", ka ajiye a VARCHAR, gurbin rubutu. INT na MySQL ma iyakarsa 2,147,483,647, lambar da ta fara da 080 ko 070 in an cire sifilin ta zarce haka nesa. NIN da BVN su ma 11 ne, haka za ka yi musu. Kuma wani zai rubuto da 0, wani da +234, wani ya bar tazara a tsakani. Kada ka kore su, saba ta mayar da su siga ɗaya kafin ta duba ko an taɓa rajista da lambar.

Ɗan Kurna: To kuɗi da SQL na kai su saba. Hoton kuma na sa accept="image/*", ina ganin ya isa.

'Yar Gwale: Wannan shawara ce kawai yake ba burauza kan fayilolin da za ta nuna wa mutum. Wani zai turo fayil ɗin .php a matsayin fasfo, in ya sauka cikin public_html ya buɗe shi, sabarka ta koma tasa. Duba girman, duba ainihin nau'in da finfo, kada ka yarda da wanda burauza ta faɗa, canza masa suna da kanka, ka ajiye shi inda ba a gudanar da PHP.

Ɗan Kurna: Na ji wannan ma. Amma ina nan kan bakana a ƙananan gurabe. Adireshi na sa masa maxlength 100. Ba zan sake rubuta wannan a PHP ba, ko an wuce me zai faru?

Malamin Kabuga: Daga MySQL 5.7 zuwa sama, in ba a sauya saitinsa na asali ba, kuma rubutun ya fi ƙarfin gurbin da ke rumbun, ƙin karɓa zai yi ya jefo kuskure, PHP 8 kuma ya tsaya cak in ba ka tare shi ba. In display_errors a kunne yake, wanda ya turo zai karanta sunan gurbin rumbunka da hanyar fayilolinka a fuskar shafi. Layi ɗaya ne na mb_strlen. Ka kula, mb_strlen, ba strlen ba, don shi strlen biyu yake ƙirga kowace ƙ.