Yadda ake amfani da "edit out" a Turanci

A wata tattaunawa kan yadda ake amfani da fi'ilin "edit out", wato cire wani abu yayin gyara, shawarar da ta fi ƙarfi ita ce a lura da abin da aikin ya faɗa wa. In ka ce "edit the interview", hirar ce dungurungum ka gyara. Amma "edit out the cough", tarin da baƙon ya yi kawai ka cire, hirar tana nan. A ganina nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe.

Sai matsayin wakilin suna: "edit it out" ake cewa, "edit out it" kuskure ne tsantsa. Wasu a tattaunawar sun kawo "cut out" a madadin "edit out", domin ya fi sauƙi a baki. Ashar kuwa, in an danne ta da ƙara a rediyo, "bleep out" ake cewa.